Riƙon Ɗaliban Jinya a Gidan Tsofaffi

A gidajenmu ba kowace yarinya ce ke ƙarasa girma a ɗakin uwarta ba. Kaka za ta zo ta ɗauke ta da sunan yaye, kwanaki su zama watanni, watanni su zama shekaru, har ranar da za a fitar da ita gidan miji daga ɗakin tsohuwar. Wani lokaci gwaggo ce da Allah bai ba haihuwa ba, ƙaninta ya ɗauki 'yarsa ya ce, "Yaya, ga ta nan, na ba ki duniya da lahira." Kowa ya san amfanin wannan al'ada. Tsohuwa ta sami mai ɗebe mata kewa, mai miƙo mata buta, mai zura mata zare a allura. Yarinya kuma ta koyi abin da uwarta ba za ta zauna ta koya mata ba, ko don kunya ko don hidima ta yi mata yawa.

Amma riƙo iri-iri ne, wannan ma kowa ya sani. Akwai wanda ake yi iyaye suna leƙowa, suna aiko da hatsi da sabulu, suna tambayar karatu, mariƙiya kuma tana jin an ɗauke ta da daraja. Akwai wanda ake jefar da yarinya a juya baya, ta koma 'yar wanke-wanke da talla, ta girma da tsanar gidan da ta tashi. Akwai kuma na shagwaɓa, inda ake kawo ta hutu da jakarta, ta zauna kamar baƙuwa, ba ta taɓa tsintsiya ba, ta koma gida tana ba da labarin ƙazantar ƙauye.

Irin wannan riƙo ne ake gwadawa a Amurka da wasu ƙasashen Turai fiye da shekara 40 ke nan, tsakanin makarantun koyon aikin jinya da gidajen kula da tsofaffi. Makaranta ita ce uwa, ɗalibi shi ne ɗan riƙo, gidan tsofaffi shi ne ɗakin kaka. Abin da ya fito daga gwajin, a fahimtata, bai bambanta da abin da kakanninmu suka sani ba: riƙo yana kyau ne idan uwa ba ta ɗauke ƙafa ba.

Sai an san yadda waɗannan gidaje suke kafin a gane nauyin maganar. A Amurka akwai gidajen jinyar tsofaffi kusan 15,000, da mazauna wajen miliyan 1.2. Galibinsu mutane ne da jiki ya ƙi: wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wadda ta karye a ƙugu ba ta sake miƙewa ba, da masu yawa da gigin tsufa ya raba da sanin 'ya'yansu. Ba asibiti ba ne da za a yi mako guda a sallami mutum. Nan ne gidansa, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Masu yi musu wanka, da ba su abinci a baki, da juya su a gado, mataimaka ne waɗanda dokar tarayya ta 1987 ta ce horon awa 75 ya ishe su fara aiki. Cikakkiyar nas kuwa, abin da wannan doka ta wajabta shi ne a same ta a gidan awa 8 a jere kowace rana. Likita yakan zo ne jefi-jefi. Albashin bai kai na asibiti ba, don haka ma'aikata ba sa zama. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya duba takardun albashin gidaje sama da 15,000, ya nuna cewa a gida na tsaka-tsaki ma'aikatan jinya da ake sauyawa cikin shekara ɗaya sun kai kashi 94 cikin 100. Tsohon da bai gane ɗansa ba, kowane 'yan watanni sabon hannu ne ke tuɓe masa riga.

Makarantun jinya kuwa, tun asali idonsu yana kan asibiti. Can ne ake da injuna, da ɗakin tiyata, da gaggawa mai sa jinin matashi ya motsa. Idan ma an tura ɗalibai gidan tsofaffi, a shekarar farko ake turawa, don su koyi gyaran gado da wankan majinyaci kafin a kai su wurin da ake ganin shi ne aikin gaske. Sau da yawa malamar da ta raka su ba ta taɓa aiki a irin wannan gida ba. Ɗalibi ya yi 'yan makonni, ya ga ƙarancin hannu, ya shaƙi warin fitsari, ya fita da darasi ɗaya da ba a rubuta a allo ba: nan wurin wanda ya rasa aikin asibiti ne. Wannan shi ne riƙon hutu, kuma illarsa ta fi amfaninsa.

Abin takaicin shi ne, ilimin da ke cikin ɗakin nan ba ƙarami ba ne, kuma ba a samunsa a wani wuri. Jikin tsoho ba ya faɗin ciwo yadda littafi ya tsara. Ciwon huhu na iya kama ɗan shekara 85 ba zazzaɓi, ba tari mai ƙarfi. Alamar kawai ita ce yau ya ture kwanon da jiya ya cinye, ko ya yi barci a lokacin da ya saba hira. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, wadda baƙo zai ce ai tsufa ne, tana iya zama ƙwayar cuta ta shiga jini, ko ƙishirwa, ko sabon maganin da aka ƙara masa a kan guda tara da yake sha. Jan tabo a ƙashin gindi ko a dunduniya, idan ba a gan shi yau an sauya kwanciya ba, cikin kwanaki kaɗan ya zama gyambon da zai ci wata da watanni. Duk wannan sai wanda ya san yadda mutumin yake jiya da shekaranjiya. A asibiti nas tana da likita a ƙarshen baranda. A gidan tsofaffi, da ƙarfe biyu na dare, ita kaɗai ce za ta yanke ko a kira motar asibiti ko a jira gari ya waye. Ni ban ga aikin da ya fi wannan bukatar ƙwarewa ba, kuma shi ne aka fi rainawa.

Wanda ya fara ɗaga murya a kan haka likita ne mai suna Robert Butler, shugaban farko na cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka. Shi kansa ɗan riƙo ne: iyayensa sun rabu yana jariri, kakanninsa suka rene shi a wata gonar kaji a jihar New Jersey. Da ya shiga makarantar likita ya ji irin sunayen wulaƙanci da malamai ke kiran tsofaffin majinyata da su, abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. A 1981 ya rubuta wata maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka yana cewa, kamar yadda ake da asibitin koyarwa, ya kamata a sami gidan tsofaffi na koyarwa, inda jinya da karatu da bincike za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Shekara ta gaba, 1982, Gidauniyar Robert Wood Johnson ta zuba kuɗi aka fara. An haɗa makarantun jinya 11 da gidajen tsofaffi 12, ƙarƙashin jagorancin malamai biyu na Jami'ar Pennsylvania, Mathy Mezey da Joan Lynaugh, aka yi ta har 1987. Abin da ya bambanta wannan shiri da tura ɗalibai na al'ada shi ne uwa ta biyo 'yarta. Malaman jami'a sun karɓi muƙamai a cikin gidajen, wasu suna duba mazauna da kansu, wasu suna shugabantar sashen jinya. Ma'aikatan gidan su ma wasu sun sami gurbin koyarwa a makarantar. Ɗalibi ya daina ganin wurin a matsayin inda ake jefar da mutum, tunda ga farfesarsa da safar hannu tana duba gyambo.

Masu bincike na Jami'ar Colorado, Peter Shaughnessy da Andrew Kramer, sun auna sakamakon ta hanyar kwatanta waɗannan gidaje da wasu da ba a haɗa su da makaranta ba. Kai mazauna asibiti ya ragu, musamman a watanni uku na farkon zuwansu. An rage sanya robar fitsari, an rage ɗaure mutane, an rage ɗura musu magungunan da ke sa su wuni suna gyangyaɗi. Ba wata sabuwar na'ura aka kawo ba. An dai sami mai ilimi a kusa, wadda za ta gane ciwo tun yana ƙarami, kuma mataimaka suka sami wadda za su faɗa wa abin da suka gani ta saurare su.

Maganar ɗauri ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne aka fi ganin bambancin aiko saƙo da zuwa da kai. A shekarun 1980 kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje a Amurka ana ɗaure su a kujera ko a gado, da ɗamara ko da riga mai igiya, wai don kada su faɗi. Masu yin haka ba mugaye ba ne. Haka aka koya musu, kuma suna tsoron a kai su kotu idan tsoho ya karye. Wasu malaman jinya biyu na Jami'ar Pennsylvania, Lois Evans da Neville Strumpf, suka shafe shekaru suna nuna cewa ɗaurin yana kashe ƙarfin ƙafa, yana kawo gyambo da baƙin ciki, wani lokaci ma ya shaƙe mutum. Suka yi gwaji a gidaje uku a yankin Philadelphia, aka wallafa shi a 1997. Gida ɗaya an bar shi yadda yake. Na biyu an koyar da ma'aikatansa a aji. Na uku an koyar da su, sannan aka ƙara musu da ƙwararriyar nas mai zuwa awa 12 kowane mako, tana shiga ɗakuna tare da su, ana duba kowane tsoho ana tambaya: me ke sa shi miƙewa da dare, fitsari ne, ciwo ne, ko neman wani yake? A gidan da aka yi lacca kawai ɗauri ya ragu da kashi 23 cikin 100. A gidan da malama ta shiga ɗaki ya ragu da kashi 56, kuma munanan raunuka daga faɗuwa ba su ƙaru ba. Dokar 1987 ta hana ɗaurin da ake yi don sauƙaƙa wa ma'aikata, amma doka ba ta nuna wa mataimakiya abin da za ta yi a madadin igiya. Wanda ya tsaya kusa da ita ne ya nuna mata.

To me ya sa abin bai yaɗu ba? Da kuɗin gidauniyar ya ƙare a 1987, yawancin haɗin ya yi sanyi. Gidajen tsofaffi, waɗanda mafi yawan mazaunansu shirin gwamnati na marasa ƙarfi ne ke biya musu, ba su da rarar da za su ɗauki albashin ƙwararriyar nas. Jami'a kuma ba ta ƙara wa malami girma don ya wuni yana juya tsoho. Takardun da ya wallafa take ƙirgawa. Uwa ta koma harkokinta, hatsin da ake aikowa ya yanke, ɗakin kaka ya koma yadda yake. Duk riƙon da aka gina a kan aljihun wani baƙo, ranar da baƙon ya tafi ake sanin ko akwai zumunci a ƙarƙashinsa.

Mutanen Holan sun bi wata hanya. A 1998 Jami'ar Maastricht da wani gidan tsofaffi na yankin Limburg suka fara haɗin gwiwa, da ƙoƙarin wani malamin jinya mai suna Jan Hamers, kuma har yau yana nan, ya bunƙasa ya haɗa ƙungiyoyin kula da tsofaffi da dama da makarantun koyon sana'a. Ginshiƙinsa abu ne mai sauƙi: manyan masu bincike na jami'ar kowannensu yana da gidan da yake zuwa yini guda kowane mako, shekara da shekaru, har ma'aikata su saba da fuskarsa su daina yi masa kallon mai binciken laifi. Tambayoyin da ake bincike a kansu daga bakin ma'aikata da mazauna da iyalansu suke fitowa. Su ma sun yi aiki a kan ɗamarar ɗauri, suka fito da tsarin da ya rage ta ƙwarai a gidajen ƙasar. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma yini guda a mako na shekara 25 ya fi taron bita ɗari. A Norway an fara gidajen tsofaffi na koyarwa a 1999, da jagorancin Farfesa Marit Kirkevold ta Jami'ar Oslo, sai gwamnati ta rungumi abin ta sa shi a kasafinta, a 2011 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗa da jinyar da ake kai wa tsofaffi a gidajensu. Inda abin ya ɗore, ko dai ɓangarorin biyu sun sa nasu a ciki, ko hukuma ta ɗauki nauyi.

Amurka ba ta waiwayo ba sai da annobar korona ta yi ɓarna. Zuwa farkon 2022, mazauna da ma'aikatan gidajen kula na dogon lokaci sama da 200,000 ne suka mutu a ƙasar. A 2021 wasu gidauniyoyi, ciki har da ta John A. Hartford, suka farfaɗo da tsohon shirin a jihar Pennsylvania, da makarantun jinya uku da gidaje huɗu, daga baya aka buɗe shi ga sauran gidajen jihar. A wannan karo abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne ya tambayi tsohon abin da ya fi damunsa a rayuwa, kafin a zo maganar magani da hankali da motsin jiki. Wata za ta ce ita dai a bar ta ta yi barcin safe. Wani zai ce a kai shi bakin taga. Ba na raina wannan tambaya, domin mutum na iya shekara uku a gado ba wanda ya yi masa ita.

Sai dai akwai abin da nake tsoro, kuma duk wanda ya ga riƙo ya lalace zai gane shi. Gidan da ba shi da isassun hannu, idan aka kawo masa ɗalibai goma, jarabar ita ce a ɗora musu aikin da ya kamata a ɗauki ma'aikata a biya su. Ɗalibi ya wuni yana kwashe fo da canza zanen gado, ba mai tsayawa ya nuna masa dalilin komai. Wannan bauta ce da sunan koyo, kuma tana korar matashi daga aikin har abada. Haɗin gwiwa da jami'a ba ya ƙara albashin mataimakiya, ba ya sa mai gidan da ke neman riba ya ɗauki nas ta dare. Rahoton da majalisar masanan kimiyya da lafiya ta Amurka ta fitar a 2022 bai ɓoye ba: ya nemi a ƙara albashi, a ɗaga horon mataimaka daga awa 75 zuwa 120, a kuma sami cikakkiyar nas dare da rana. Duk mai tallata haɗin gwiwa yana tsallake waɗannan, yaudarar kansa yake yi.

Akwai kuma haƙƙin mariƙiyar gaske, wadda ba a cika ambatonta ba. A gidan tsofaffi ba darakta ce ke riƙon ɗalibi ba. Mataimakiyar nan ce da ta shekara 15 a sashe ɗaya, sau da yawa baƙuwa da ta zo daga Haiti ko Filifin ko Afirka ta Yamma, wadda ta san wace tsohuwa ce ba ta haɗiye ƙwaya sai an sa mata a cikin abin zaƙi, wane tsoho ne ke duka idan aka zo masa ta bayansa. Idan ɗalibi ya shigo da girman kan jami'a, ya ga ba ta da digiri, ya yi asarar malamar da ta fi kowa sani a wurin. Idan makaranta ta ɗora mata koyarwa a kan aikinta ba tare da rage mata nauyi ko ƙara mata ko sisi ba, ta zalunce ta. Uwar kirki ba ta zuwa gidan mariƙiya hannu rabbana, kuma ba ta gyara mata tarbiyya a gaban yarinya.

Sannan ga mai ɗakin kanta. Asibiti wurin wucewa ne, amma wannan ɗaki gidanta ne, da hotunan jikokinta a bango. Ba daidai ba ne ɗalibai shida su kewaye gadonta a buɗe mata jiki don darasi ba a nemi izininta ba, ko da gigi ya taɓa ta. Ɗalibin da ya koyi yin sallama, ya faɗi sunansa, ya rufe labule, ya jira a ce masa to, ya riga ya koyi rabin aikin. Tsofaffi da yawa suna murna da zuwan matasa, domin sukan sami mai zama ya saurari labarinsu, abin da ma'aikaciya mai mutum goma sha biyu a wuyanta ba ta da lokacinsa. Amma murnar ba ta zama lasisin mayar da su kayan gwaji ba.

Mu a nan ba mu da irin waɗannan gidaje da yawa, kuma yawancinmu ba ma fatan su yawaita. Tsofaffinmu suna ɗakunansu, a hannun 'ya'ya mata da surukai da jikoki. Amma gyambon kwanciya bai san bambancin gidan Philadelphia da ɗakin soro ba, kuma ɗaure tsohon da gigi ya kama don kada ya fita ya ɓace, ba a Amurka kaɗai ake yinsa ba. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Nas-nas ɗinmu da ke tafiya Ingila kuwa, da yawansu a gidajen tsofaffi suke fara aiki, su koyi a can abin da makarantarsu ba ta zurfafa musu a kai ba.

Don haka kirana ga shugabannin makarantun koyon aikin jinya na Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram shi ne, kada su jira a gina gidan tsofaffi. A nemi yardar iyalai ta hannun masu unguwa da asibitocin sha-ka-tafi, a haɗa kowane ɗalibi da tsoho ɗaya mai jinya a gida, ya riƙa zuwa har zangon karatu ya ƙare, ya koyi daga surukar da ke kwana da shi, ita ma ya nuna mata yadda ake juya majinyaci da duba fatarsa. Kuma kada a tura shi shi kaɗai. Malamarsa ta sa takalminta ta bi shi.